Ranar da Na Sauya wa Goggo Sunaye

Ranar Kirsimeti ta shekarar da na cika tara, bayan an taso daga coci an ci shinkafa, Goggo Rahila ta ce kowa ya dawo falo a buɗe kyauta. Yayar Babanmu ce, ita ce babba a danginmu duk faɗin Ingila, don haka gidanta na Ladywood a Birmingham ake haɗuwa kowace shekara. Mu daga unguwarmu Rusholme, can wani gari, muke tahowa tun asuba a tsohuwar motar Baba wadda hitarta ba ta aiki, ina baya a dunƙule cikin bargo. Goggo ta harɗe a kujerarta kusa da bishiyar roba mai fitilu, ta ɗauko ƙunshin da Mama ta kawo mata, ta jijjiga shi a kunne, sannan ta yage takardar a gaban cikakken falo. Robar askirim ce ta fito, cike da dambun nama. Ta buɗe murfin, ta shinshina, ta nesanta ta da jikinta. "Maman Hannatu, har yanzu? Ai mu likitanmu, GP, ya hana mu irin wannan tuntuni. To an gode, za a ba yara." Aka kwashe da dariya. Ni Hannatun ban yi ba, Mama nake kallo, ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta wanda babu abin da ya same shi.

Na san abin da ke cikin robar nan, domin da hannuna a ciki. Mama shara da goge-goge take yi a ɗakunan kwanan ɗalibai a Fallowfield. In ta tashi aiki sai ta biya wurin mahauci a Wilmslow Road, ta zaɓi tsoka zalla, ta dafa har ta yi luguf. Washegari a fito da ƙaramin turmin da ta taho da shi daga Wusasa, a ɗora shi kan bargo ninki huɗu, don kada ɗaliban da ke ƙasanmu su fara bugun silin da sandar tsintsiya. Ita ke daka, ni ke tsince jijiya da warware naman da yatsu har su ƙage. Rana ta uku suya, a ƙaramar wuta, tana juyawa ba ta zama. Ƙamshin yakan kama rigar makarantata, yara su yi ta toshe hanci a filin wasa suna tsokanata, ban damu ba, saboda aljihuna akwai ɗan abin taɓawa. Kuma a gidanmu ba a buɗe kyauta a gaban mai ita. "In an ba ki abu, ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki kai ɗaki," haka Mama ke cewa. Goggo ce ta kwaso al'adar yage takarda a bainar jama'a daga Turawan wurin aikinta, ta kuma rungume ta, don ta ba ta damar auna kowa a gaban kowa.

Shekara guda cur na yi ina riƙe da abin nan a raina. Mama ba ta sake tayar da zancen ba, amma da Disamba ta zagayo turmi bai fito ba, gwangwanin biskit ta saya a kanti ta naɗe. Wannan ya fi dariyar yi mini ciwo. Na kuwa riga na lura da wani abu: Goggo takarda iri ɗaya take naɗe kyautarta duka, ɗan kati mai suna kawai ke bambanta su. Ana cikin hidimar kicin, 'ya'yanta suna wasan ɓuya a matakala, na rarrafa gindin bishiya. Na ɓanɓare katin da ke ɗauke da sunan Mama, na ɓanɓare na matar faston cocinsu, babbar baƙuwar Goggo a ranar, na sauya musu wuri. Ban san abin da ke ciki ba. Na dai san Goggo.

Matar fasto aka fara miƙa wa, don girmamawa. Goggo na murmushi har kunne, matar faston, baiwar Allah, ta yage takarda ta ɗago safar hannu ta roba, ruwan ɗorawa, irin ta wanke banɗaki, da soso guda biyu. "Allah ya sa albarka, 'yar'uwa, dama ina bukata," in ji ta, da muryar da ta saba jan waƙa. Da aka zo kan Mama sai ga lallausan mayafin ulu da kwalbar turare. Goggo ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa. In ta ce kuskure ne, ta faɗa da bakinta cewa safar wanke banɗaki ta tanadar wa matar ƙanenta. In ta yi shiru, ta wulaƙanta matar fasto. Baba ya dubi safar, ya dubi yayarsa. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na ji tausayinta ba. A mota, sai da muka hau babban titi Mama ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Hannatu, hannunki ba ya jin magana." Baba ya ƙirƙiro tari. Mayafin kuwa ba ta taɓa yafawa ba, a ɓoye ta aika wa mai shi, matar fasto.

Da na girma ma ban huce ba. Bara, ina da aikina da 'yata, na rubuta a gurup ɗin dangi cewa manya mu daina yi wa juna kyautar Kirsimeti, a bar wa yara. Na jero dalilai masu kyau: rayuwa ta yi tsada, kaya sun cika gidaje ba a amfani da su, bikin ma ba na kanti ba ne. Kowa ya yaba da hankalina, har wani kawu ya ce Allah ya ƙaro irina. Duk gaskiya ne, amma ba shi ya sa na faɗa ba. So nake in ƙwace wa Goggo dandalinta. Ta haura saba'in yanzu, mijinta ya rasu, 'ya'yan sun watse. Ta kira ni a waya, muryarta ta yi sanyi. "Hannatu, to ni me zan yi bayan an ci abinci?" Na ce, "Sai ki huta, Goggo." Na ajiye wayar ina murmushi.

Ranar ta zo. Yara suka yage nasu nan da nan, kowa ya koma kan wayarsa. Manya muka zuba wa talabijin ido kamar masu jiran likita. Goggo na kujerarta, hannuwa a kan gwiwa, ta rasa inda za ta sa su. Ina ɗauraye kofuna Mama ta shigo kicin ta turo ƙofa. "Na taɓa ce miki ina jin haushinta? Ni na gama da wannan tun kina firamare. Matar nan ranar nan kaɗai ta rage mata a shekara, ita ma kin karɓe."

Har yau ban ba Goggo haƙuri ba, kuma in aka sake tambaya ina jin abin da na faɗa zan maimaita. Sai dai a da falon nan ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniya, ana musu, ana tsiya, ana ɓata wa juna rai a kuma dawo baɗi. Yanzu kafin la'asar kowa ya fara neman makullin motarsa, ni ce ma ta farko. Na daɗe ina rama wa Mama, ban taɓa tambayarta ko tana so ba.