Fom Ɗin da Baba Ya Sa wa Hannu

Mahaifina mai gilashi ne, ba na tagogin gida ba, na mota. Shekara talatin da huɗu ya yi a shago ɗaya a layin masu gyara, tsakanin mai faci da mai fenti. Shagon ba wani girma ne da shi ba. Mota ɗaya ke shiga, ita ma bayanta a waje. A jikin bango gilasai ne a jere cikin katako, kowanne da kwali a tsakaninsa da ɗan'uwansa, ga benci guda da ƙafarsa ɗaya ta gaza har aka sa mata bulo.

Baba ba ya sauri, kuma ba ya son mai sauri. In ya zo cire tsohon gilashi, siririyar waya yake zurawa ta cikin gam, ya riƙa ja a hankali yana sauraro, wai kunne ke gaya masa inda wayar ta kusa taɓa fenti. In ya ɗora sabo, sai ya sauke gilasan ƙofa kaɗan, ya karɓe makullin ya jefa a aljihu. Ko kai wane ne, sai gam ya kama za ka ga makullinka. Na taɓa ganin wani mai babban ciki yana ta kumfar baki wai yana da taro. Baba ya nuna masa benci ya ce, "Zauna, ranka ya daɗe. Taron ba zai zubo maka ruwa a cinya ba, gilashin nan zai iya." Daga ƙarshe yakan kwarara ruwa a saman motar, ya shiga ciki da tocila yana neman ɗigo. Bai cika samu ba.

Abu ɗaya ne ya gagare shi, takarda. Yana iya karatu, amma da ya ga fom mai ƙananan akwatuna sai ya ce idonsa na yaji. Tun ina sakandare ni ke cike masa, shi ya sa yake kira na Akawu, har yau da nake da 'ya'ya biyu. Tsarinmu mai sauƙi ne: ya sa hannu a ƙasan fom ɗin babu komai a jiki, ya miƙo min, ya koma kan aikinsa. Sau nawa na ce masa, "Baba, ba a sa hannu a farar takarda." Sai ya ce, "Ba farar takarda na sa wa ba, Akawu na sa wa."

Ranar da kamfanin inshora ya sa sunansa cikin jerin waɗanda yake tura wa motoci, Baba ya sa sabuwar riga ya je shago, abin da bai taɓa yi ba. Shekara shida yana nema. Daga nan ne aikinsa ya zauna, domin masu tsofaffin motoci sun koma wurin masu arha, motocin inshora ne ke riƙe da shagon. Bai taɓa faɗa ba, amma mun san wannan jeri shi ne abin da yake tinƙaho da shi a duniya.

To, ga inda na shigo da halina.

Mijina ya sayi sabuwar mota, irin wadda ke da kyamara a manne da gilashin gaba, bayan madubi. Ita ke kallon hanya. In ka kauce layi ta yi ƙara, in ta ga za ka daki abu ta taka birki da kanta. Wata uku da saye, tsakuwa ta tashi daga tayar wata tifa ta tsaga gilashin tun daga ƙasa har sama. Muna zaune a falo ana maganar, yayar mijina tana nan. Mace ce da ba ta iya gaisuwa sai da ƙari.

"Ka kai ta kamfanin da ke sayar da ita," in ji ta. "Irin wannan mota ba ta bakin titi ba ce." Ta dube ni ta ɗan murmusa. "Ban da Baba, ba da shi nake ba."

Da shi take.

"Yaya, ai inshorar ma da kanta Baba take tura wa," na ce. "Babu motar da aka ƙera da ta fi ƙarfin hannunsa. Shekara talatin da huɗu ba wasa ba ne."

Mijina mutum ne mai gudun fitina. Ya ce shi ke nan, a kai wa Baba. Washegari ya yi tafiyar aiki ta kwana biyar, ni na kai motar.

Baba ya zagaye ta sau biyu. Ya leƙa bayan madubi ya daɗe yana kallo. Ya yi odar gilashi na asali, ya cire tsohon, ya ɗora sabon, ya mayar da kyamarar mazauninta kamar mai ajiye ƙwai. Ya kwarara ruwansa, babu ɗigo. Amma da ya fito daga motar bai miƙo min makulli ba, sai ya zauna a gefena kan benci.

"Akawu, nawa aikin ya ƙare, amma na motar bai ƙare ba."

"Me ya rage, Baba?"

"Idon nan. Duk lokacin da aka canja gilashi sai an sake saita shi. Akwai wasu alluna da ake kafawa a gabanta, a haɗa ta da kwamfuta. Ni ba ni da kayan, kuma ban iya ba. Ko kaurin gashi ya karkace, a can nesa zai ga abu a inda ba nan yake ba."

"Amma ai ba ta nuna wata wuta ba."

"Shi ne abin tsoron. Ba lallai ta nuna ba. Ki rubuta musu ba a saita ba, su za su tura ku inda ake yi. Kar ki bari mijinki ya hau babban titi da ita kafin nan."

Ya faɗi "ban iya ba" ɗin nan ko a jikinsa, kamar mai cewa yau Talata. Ni ce abin ya yi wa ciwo. Ya sa hannu a ƙasan fom, ya miƙo min tare da makullin.

A gida na shimfiɗa fom ɗin a teburin cin abinci. Lambar mota, ranar da abin ya faru, irin gilashin, duk na cike. Sai na zo layi na goma sha ɗaya: shin an saita kyamara bayan canja gilashi? Akwati biyu, eh da a'a. A ƙasa da ƙananan haruffa an ce in a'a ne, za a tura motar wurin dillalinta. Wato daidai wurin da Yaya ta ce tun farko. Na ga fuskarta ƙarara. Na ji yadda za ta ce, "Ayya, ai Baba ya yi ƙoƙari." Na ce a raina, motar lafiyarta ƙalau, na tuƙo ta tun daga shago ko tari ba ta yi ba, Baba ne dai da tsantseninsa. Na ce zan kai ta da kaina wani satin, a ɓoye, babu wanda zai sani. Na yi wa eh alama.

Bayan kwana biyu Baba ya kira ni. "Kun kai ta?"

"An kai, Baba."

"Madalla. Allah ya yi miki albarka."

Ban kai ba. Satin ya zo yarinya ba lafiya, na gaba kuma aiki ya sha kaina, daga nan na daina tunawa sai jefi-jefi. Mijina ya dawo ya shafa gilashin ya ce kamar daga kamfani. Yaya ta shiga motar ta duba ta duba ba ta sami abin cewa ba. Wallahi na ji daɗi ranar, har ƙarin abinci na zuba mata.

Wata biyu bayan haka, da safe, mijina yana kan babban titi a wata kwana. Akwai babbar mota a fake a gefe, can wajen layi. Motarmu ta ɗauka a gabanta take. Ta taka birki da kanta ta tsaya cak. Motar burodi da ke biye da shi ta shige bayanta. Allah ya kiyaye, babu wanda ya mutu. Mijina ya yi sati uku da abin tallafe wuya, direban burodin ya fasa goshi an yi masa ɗinki huɗu.

Da aka kai motar wurin dillali suka haɗa ta da kwamfuta, sai ta faɗi abin da na ɓoye: tun da aka canja gilashi ba a taɓa saita kyamarar ba. Inshora ta aiko jami'in bincike shagon Baba, aka ce mai motar ma ya zo. Mijina ba ya iya tuƙi saboda wuyansa, ni na kai shi.

Jami'in matashi ne mai ladabi, ya gaida Baba har da rusunawa. Mai faci da mai fenti suka bar aikinsu suka tsaya a bakin ƙofa, wai suna shan iska. Jami'in ya zaro kwafin fom ɗin daga jaka.

"Baba, wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne."

"A nan an ce an saita kyamara. Kana da na'urar saitawa?"

Baba ya karɓi takardar ya nisanta ta da fuskarsa. Jami'in ya ɗora masa yatsa a layi na goma sha ɗaya. Na ga lokacin da idon Baba ya sauka kan alamar. Ya san rubutuna fiye da yadda ya san nasa. Bai ɗago ya dube ni ba, ko sau ɗaya. Da ma ya duba.

"Ba ni da ita," ya ce.

"To wa ya cike fom ɗin?"

Ina tsaye a jikin katakon gilasai. Kalma biyu kawai zan faɗa: "ni ce." Ina jin ta a bakina. Na dubi mijina da wuyansa a sanƙare, na tuna direban burodi, na tuna Yaya, sai harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba.

"Duk takardar da ta fita daga shagon nan da hannuna a kai, tawa ce," in ji Baba. "Rubuta haka."

"Baba, ka san abin da wannan ke nufi? Dole in kai rahoto. Za su iya cire ka daga jerinsu."

"Na sani, ɗana. Yi aikinka."

Mai fenti ya sunkuyar da kai ya koma shagonsa. Shekara ashirin yana turo wa Baba mutane da cewa aikin tsohon nan ba ya dawowa.

Wasiƙar ta zo bayan kwana goma sha biyu. Sun cire sunansa, saboda bayanin da ba gaskiya ba a takardar neman biya. Labari ya zaga layin kafin azahar. Ni kuwa na daina zuwa shagon. In ya kira, sai in bar wayar ta yi ta ringi har ta gaji. Kunya ta hana ni barci, ta hana ni cin abinci, amma ba ta kai ta sa ni buɗe baki ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushin kaina.

Da wuyan mijina ya warke, ya ce mu je mu duba Baba, kar ya ɗauka ana fushi da shi. Ba ni da hanyar ƙi. Muka same shi a kan benci, shagon babu mota, yana goge wani ƙaramin gilashin gefe da babu wanda ya yi odarsa. Ya rame a wuya.

Mijina ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya zauna kusa da shi. Mutumin kirki ne, shi ya sa abin ya fi ciwo.

"Baba, don Allah kar ka sa abin nan a ranka. Ni wallahi na yafe, ban riƙe ka da komai ba. Motocin yanzu ne, sun wuce zamanin kowa. Kowa na iya kuskure, balle ga shekaru. Ko Yaya da ta fara magana na ce mata ta bari, Baba bai yi da gangan ba."

Baba ya ajiye tsumman a gwiwarsa. Mutumin da bai taɓa barin wani ya gaya masa yadda ake riƙe waya ba, ya zauna shiru surukinsa na yafe masa laifin da bai yi ba.

"Na gode," ya ce. "Allah ya saka da alheri. Yaya wuyan?"

"Da sauƙi sosai, Baba."

Mijina ya tashi ya fita tayar da mota. Muka rage mu biyu. Na matso kusa da shi.

"Baba, zan gaya masa. Zan je ofishinsu ma in gaya musu ni ce."

"Sa hannun dai nawa ne, ba za su mayar da ni ba. Sai dai a yi asara biyu, aikina da aurenki." Ya ɗauki tsumman ya ci gaba da goge gilashin. "Abu ɗaya nake so in sani. Ranar da na kira ki kika ce an kai, na sa miki albarka, me kika ji?"

Ya jira ni, ya daɗe yana jira. A waje mijina ya ɗan danna hon.

"Je ki," ya ce. "Mijinki na jira."

Na tafi.