Yaya Sa'a, Mai Lemu da Tocila

Shekara tara ke nan cif da muka kai yayata Sa'adatu makwancinta. A unguwarmu ta New Bell ba mai kiran ta da cikakken suna. Yaya Sa'a ce a bakin kowa, har waɗanda suka girme ta. Ba ta taɓa riƙe muƙami ba, ba ta buɗe makaranta mai allon suna a bakin ƙofa ba, don haka na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin labarinta ba. Ni ne ƙanen da ke bi mata, kuma ni na fi kowa sukar abin da yau nake yabo. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta da hannuna.

A nan Douala aka haife mu, kakanmu ne ya zo daga arewa. Mun yi lekol tare, wato makarantar Faransanci, kuma ta fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Ta sami aikin sakatariya a wani ofis a unguwar Bonapriso, ta auri Malam Garba, Basakkwace mai sayar da albasa a kasuwar Sandaga. Allah ya ba su 'ya ɗaya tak, Fiddausi, ya kuma jarrabe ta da ciwon sikila.

Da Fiddausi ta kai shekara shida aka sa ta aji ɗaya. Sai ta yi mako biyu a aji, ta yi uku a asibiti. Daminar Douala ba ta da sauƙi, kuma da ruwa ya taɓa ta sai ciwon ya tashi, yatsunta su kumbura har ba ta iya riƙe fensir. A ƙarshen shekara daraktan makarantar ya kira uwar, ya faɗa mata cikin ladabi cewa yarinya ba ta san ko harafi goma ba, gara a bar ta a gida sai ta ƙara ƙarfi. Cikin makon nan Yaya ta ajiye aikinta.

Ni a lokacin ina sabon ma'aikaci, ina ji da taye da takardun shaida. Na je na same ta a tsakar gida tana kwaɓa fulawa, Fiddausi na zaune kan tabarma. Na ce, "Yaya, kin bar Bonapriso don ki zauna kina wasan yara? Ki nemo mata malami mana, ki koma aikinki."

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Isiyaku, ofis zai sami wata sakatariya kafin Litinin. Ita wannan ba ta da wata uwa. Zauna, ko ka tafi, amma kada ka taka mana harafin A."

Na duba ƙasa, ashe fulawar ba ta abinci ba ce kaɗai. Tana murza kwaɓin ya yi tsawo, ta lanƙwasa shi ya zama harafi, ta ɗora a faranti. Tun da yatsun yarinyar ba sa iya matse fensir, sai ta ba ta abu mai laushi da ɗumi. Harafin da Fiddausi ta gane ta kuma faɗi sunansa, shi ake soyawa ta ci da sukari. Wanda ta manta, ya kwana a faranti sai gobe. Wata rana kuma yashi ne a tire, ana zane da yatsa ɗaya, a girgiza a sake. Malam Garba na kawo kwalaye daga kasuwa, Yaya ta yanka manyan haruffa, su liƙa wake a kai, yarinya ta rufe ido ta shafa ta faɗi ko wane ne. Bayan na Faransanci ta ƙara mata namu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda lekol bai taɓa nuna mana ba. Ta ce ba za ta raini 'yar da ba ta iya rubuta "ƙofa" da harshen ubanta ba.

Maganar watan sama kuwa Fiddausi ce ta jawo ta. Wata magariba ta tambaya wa yake cinye wata, kuma wa yake mayar da shi. Da ni aka tambaya, da na ce sai ta girma. Yaya sai ta rufe tagar ɗaki da bargo da rana tsaka, ta ɗora tocila a kan kabad, ta soke lemu da tsinken tsire ta ba yarinyar. Ta ce tocila ita ce rana, lemu shi ne wata, kanki kuma duniya. Fiddausi ta riƙe lemu a gabanta tana juyawa a hankali, haske na hawa jikinsa daga siriri zuwa rabi, ya cika, ya soma raguwa, har ya koma duhu. Ta yi zagaye ya fi goma. Ni da na ci jarrabawar kimiyya, a ɗakin nan na fara gane abin da na haddace.

Daga nan suka ɗaura igiya a baranda. Kullum bayan sallar magariba su fita bakin ƙofa su nemi wata tsakanin rufin kwano da wayoyin wuta, ko da asuba idan ya soma jinkirin fitowa. Su dawo su ɗauki kwali da aka yanka zagaye, su shafa gawayi inda yake duhu, alli inda yake haske, su rataye. Duk wanda ya san garin nan ya san akan yi kwanaki gajimare bai buɗe ba. A irin ranakun nan sai su rataye kwalin babu zane. Na taɓa ɗauko kalanda zan cike musu gurbin kwana huɗu, Yaya ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Ba mu gani ba. Bar shi a ba mu gani ba."

Akwai wani littafin yara da na sayo mata, bugun Faransa, mai hoton jinjirin wata a tsaye kamar harafin C. Fiddausi ta kalli hoton, ta kalli igiyarsu, ta ce littafin Kawu ya yi kuskure, namu watan a kwance yake kamar ƙwarya. Na soma yi mata faɗa, wai yaro ba ya gyara littafi. Yaya ta ce mu jira wata ya tsaya. Ranar da ya tsaya muka fita mu uku, ga shi a yamma kwance da bakinsa sama. Yaya ta bayyana mata cewa mutanen can daga wani gefen duniya suke kallo, mu kuma daga namu. Sannan ta nuna mata ya yi kama da nun na allo, saura ɗigo. Da haka aka shiga haruffan Larabci.

Kafin shekara ta zagayo, yaran maƙwabta sun gano ana cin haruffa a gidan. Suka riƙa zuwa, na Hausawa, na Fulanin da suka zo daga Garoua, har da 'yar wata mai sayar da gasasshen kifi da ba ta jin Hausa ko kaɗan. Yaya ba ta kori kowa ba. Sharaɗinta ɗaya, a wanke hannu.

Abin da ba na mantawa shi ne kwanciyar da Fiddausi ta yi tana shekara bakwai, wadda muka zaci ba za ta tashi ba. Ciwo ya hana ta motsi, kuka ma ya gagara. Na shiga ɗakin asibiti da rana na tarar da Yaya zaune a bakin gado, tana zana wani abu da yatsa a bayan yarinyar. Can ƙasa-ƙasa na ji Fiddausi ta ce, "M." Yaya ta sake zanawa. "A." Haka suka yi ta yi har ma'aikaciyar jinya ta zo da allura. Na fita baranda na tsaya, don ban so su ga fuskata ba.

Da ta kai tara, likita ya yarda ta koma aji. Ni na raka su, don Yaya ta ce a je da mai taye. Daraktan nan dai shi ne. Ya ce sai aji ɗaya, tun da ba ta da takardar komai. Yaya ta roƙe shi ya gwada ta tukuna. Ya miƙa mata littafin aji uku, ta karanta shafi guda ba ta tsaya ba. Ya ba ta alli, ta rubuta abin da ya faɗa. Ya cire tabarau ya tambayi wace makaranta ta yi. Fiddausi ta ce, "Ta Mama." A aji uku aka ajiye ta. A hanyarmu ta dawowa na ce, "Yaya, na yi kuskure." Ta ce, "Na sani. Tsayar mana da mota, ruwa zai sauko."

Yau Fiddausi na aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, tana fama da ciwonta, tana kuma rayuwarta. Yaya ba ta ga wannan ba. Hawan jini ya ɗauke ta cikin kwana biyu, yarinyar na aji na ƙarshe a sakandare.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yadda muke yanzu. Yarana na da waya mai rera musu abacada da murya mai daɗi, kuma da taɓawa ɗaya za ta nuna maka siffar watan yau ko ana tafka ruwa. Ba na jin Yaya za ta tsine wa waya. Mace ce mai son sabon abu, ita ta fara kawo injin buga rubutu gidanmu. Abin da zai dame ta, a ganina, shi ne yadda muke miƙa wa yaro ita don mu huta da shi. Za ta tambaye ni yaushe rabon da in zauna a ƙasa da ɗayansu na rabin awa ban duba agogo ba. Za ta kuma ji zafin cewa a cikinsu babu mai iya rubuta mini saƙo da Hausa.

Idan aka ce a lissafa abin da ta bari, kayan hannu ba su da yawa. Ambaliyar da ta shiga gidan bayan rasuwarta ta jiƙa kwalayen duka. Yaran da suka zauna a tabarmarta sun watse, wasu na Yaoundé, wasu sun koma arewa. Ɗaya daga cikinsu na unguwar PK 14 a nan Douala, na ji tana tara yaran layinsu ranar Asabar.

Amma akwai ɗalibi ɗaya da ban san da shi ba sai bana. Na je maƙabarta ziyara da safe, na tarar da Malam Garba a tsugune da ƙaramin gwangwanin fenti. Tsufa ya kama shi. Yana sabunta rubutun allon da ke kan kabarin, wanda ruwa ke wankewa duk shekara. Na daɗe ina ganin rubutun nan a karkace, ina zaton aikin wani mai fenti ne maras ƙwarewa. Na ce ya kawo in taya shi.

Ya ce, "A'a, Isiyaku, bar ni. Ka san da na zo garin nan ban san boko ba, ko sunana sai dai in dangwala yatsa. Kunya ta hana ni faɗa. Idan na dawo kasuwa sai in zauna a bakin ƙofa da carbi, ina jin abin da take koya wa yara. Ta gane, amma ba ta taɓa nuna mini ta gane ba. Sai dai ta ɗaga murya, ta juyo da kwalin ta wajena."

Ya tsoma buroshi ya ci gaba. Na tsaya ina riƙe masa gwangwanin har ya kai harafin ƙarshe, sannan muka ɗaga hannu muka yi mata addu'a. Allah ya jiƙan Yaya Sa'a, ya haskaka makwancinta.