Layin Sa Hannun Janar

Eckhard Brümmer bai san mahaifinsa ba. Yana ɗan wata bakwai aka tafi da mahaifin nasa, Hinrich, yaƙin Rasha, daga nan sai takarda ɗaya ta zo wa uwar, wai ya ɓace. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya ce ga inda ya faɗi. Uwar ta kulle bakinta a kan maganar har ta rasu, shi kuwa ya girma da tambayar tana cinsa a rai.

Da ya kama aiki a gidan waya na garin Uelzen a ƙasar Jamus, sai ya fara rubuta wa tsofaffin hafsoshi, ko wani zai tuna da soja mai suna Brümmer. Ina hafsa zai tuna da ƙaramin soja? Abin da ke dawowa dai hoto ne: mutum cikin kaki, lambar jarumta a wuya, sa hannu a ƙasa. Na farko ya ba shi haushi. Na goma ya saya masa kundi. Kafin ya cika arba'in ya daina tambayar ma. Hoton da yake so a sa masa hannu kawai yake sawa a ambulan, da wani ambulan mai kan sarki na dawowa, da layi biyu na ladabi, kamar yadda masu irin wannan tarin ke yi.

Mutum ne mai kirki, ba ya faɗa da kowa, amma a kan hotunan nan ba ya jin kira. Matarsa Waltraud ta yi mita har ta gaji.

"Wannan da ka rataya mana a falo, ka taɓa tambayarsa ƙauyuka nawa aka ƙone a ƙarƙashinsa?"

"Tarihi nake tarawa, Waltraud."

"Tarihi. Kai da ranar aurenmu ma ba ka riƙe ba."

A shekarar 1987 ya ji cewa tsofaffin sojojin rundunar mahaifinsa za su taru a wani gidan cin abinci a kudu, kuma janar ɗinsu zai zo. Janar ɗin ya haura casa'in, ba ya amsa wasiƙar kowa, sai a gabansa yake sa hannu. Eckhard yana da wani kati mai hotonsa na lokacin yaƙi, shekara goma sha ɗaya yana ajiye da shi. Ya ɗauka ya hau jirgin ƙasa.

A wurin taron, layin masu neman sa hannu ya yi tsawo, kuma dokar masu tara hotuna ce, in ka fita ka fita. Saura mutum uku a gabansa sai ya ji an ja hannun rigarsa. Wani tsoho ne mai ɗingishi, cikin tsohuwar kwat, ba lamba ko ɗaya a ƙirjinsa.

"Kai ɗan Hinrich Brümmer ne? Kunnuwan nan ba sa ɓuya."

Eckhard ya juyo. "Ka san shi, Baba?"

"Kwana biyu ina goye da shi a cikin ƙanƙara. Zo mu zauna, ɗana."

Daidai nan 'yar janar ta duba agogo, ta ce mahaifinta ya fara gajiya. Eckhard ya dubi tsohon, ya dubi teburin.

"Baba, minti biyar. Zauna can bakin taga, yanzu zan zo."

Tsohon ya kalli katin da ke hannun Eckhard, ya ce, "To." Ya juya.

Minti biyar ɗin nan sai da ya zama arba'in. Janar sai ya ba kowa labarin wani kogi da ya tsallake, ga biro ya ƙi rubutu an tafi neman wani. Da Eckhard ya fito yana hura tawadar sa hannun don ta bushe, kujerar bakin taga ba kowa, sai ragowar dankali a faranti. Mai kawo abinci ya ce tsohon ya tafi kama jirgin ƙarfe huɗu. Ya bi tebur-tebur yana tambaya, ba wanda ya san sunansa. Hafsoshi ne kaɗai aka rubuta wa suna a kujera. Shi ma gogan, duk iya rubuta wasiƙarsa, bai ce "Baba, yaya sunanka?" ba.

Shekara biyu ya yi yana nema. A ƙarshe wani tsohon direban runduna ya rubuto masa: sunan tsohon Alois Dirnberger, yana wani ƙauye kusa da garin Passau. Waltraud ta ce tare za su je.

'Yar Alois ce ta buɗe ƙofa, wata dattijuwa mai suna Resi. Ta zaunar da su, ta kawo kofi da kek, sannan ta ce mahaifinta ya rasu tun bikin Ista.

"Ya ba ni labarinka ranar da ya dawo," in ji ta. "Shi ya binne mahaifinka da hannunsa. Akwai kuma saƙon da ya ba shi domin ku. Bayan yaƙi ya rubuta wa mahaifiyarka, wasiƙar ta dawo, kun tashi daga gidan."

"Saƙon, ya faɗa miki?"

"Na tambaya. Ya ce ba nawa ba ne, na ɗansa ne."

"Me ya hana shi nemana? Ai ya san sunana."

Resi ta ga ba amfanin ɓoyewa. "Na ce masa haka. Ya ce, 'Yaron ya san abin da ya zo nema, kuma ya samu.'"

Eckhard ya sunkuyar da kai, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Daga ranar Waltraud ba ta sake yi masa gori a kan hotunan ba. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Ya ƙara shekara talatin a duniya. Bai sake aika wa kowa ambulan ba. Masu tara hotuna sun sha zuwa suna roƙon ya nuna musu katin janar, don an ce irinsa bai fi a ƙirga da yatsu ba. Sai ya ce su je ɗaki su duba da kansu. Jikokinsa in suka tambaye shi inda kakansu Hinrich yake kwance, sai ya ce akwai wanda ya sani, amma shi bai tsaya ya ji ba.