Baba Masahudu da Tukunyar Kan Kwano

Shekara talatin ke nan, da an idar da sallar asuba a Zongon Tamale, za ka ga Baba Masahudu ya ɗaure kasko da guduma a bayan keke ya kama hanya. Kafin rana ta yi zafi ya hura gawayi, ya narka dalma, ya cusa igiyar rama a mahaɗin bututu, ya zuba, ya bi yana daddaɓewa. Bututun nan na baƙin ƙarfe ne, ƙarti biyu sai sun yi nishi suke ɗaga shi, kuma ruwan ƙazanta yake kwashewa. Shi ya sa ba a rububin miƙa wa Baba hannu in ya taso daga aiki. A ƙarshen wannan wata na 1955 zai ajiye aiki, yana nan a matsayin da ya fara. Mutane na cewa rashin boko ne ya hana shi zama heluman ma'aikata. Ba shi ba ne.

Shekara tara da suka wuce, wari ya addabi wani ɗakin haihuwa a bakin gari, wanda Baba ne ya haɗa masa bututu. Masu jego na toshe hanci da gyale. Baturiyar da ke riƙe da wurin ta ɗora laifin kan mai shara, Mma Azeta, bazawara daga Kukuo mai marayu huɗu. Azeta ta yi ta goge-goge har hannunta ya tsattsage, wari na nan daram. Aka ce mata in Asabar ta zo bai tafi ba, ita za ta tafi.

Ranar Alhamis aka kira Baba gyaran famfo. Ya tarar da ita durƙushe tana wanke inda ta riga ta wanke, tana share hawaye da kafaɗa. Yana cikin aiki sai ya ji wurin wanke hannu ya yi ƙugi bayan an zubar da ruwa. A ƙarƙashin kowane irinsa akwai lanƙwasa, inda ɗan ruwa ke kwanciya ya tare wari. Ya duba, babu ko ɗigo. Nan take ya nemi tsani.

Akwai bututu guda da ke bin bango ya leƙa saman kwano, ba ya ɗaukar ruwa, iska kawai yake shigarwa. A bakinsa Baba ya tarar an kifa tukunya, an liƙe ta da laka tsaf, yadda manomi ke rufe kan rumbu kafin damina. Ya leƙo ƙasa, sai ga Ɗankande maigadi tsaye riƙe da tsani. Ashe tsohon ne ya ga bakin bututun a buɗe ana ta sheƙa ruwan sama, ya ce bari ya yi wa gwamnati gwaninta.

Baba ya sauko ya roƙi gwangwanin madara, ya huda waje ɗaya a gaban Baturiya, madara ta yi ta ɗiga da ƙyar. Ya ƙara huda na biyu, ta zubo. Ya bayyana mata ta bakin tafinta cewa in an hana bututu iska, sai ya zuƙe ruwan lanƙwasa ya bar wa wari hanya, kuma ko Azeta za ta shekara tana wanki ba abin da zai sake. Sai ta tambaya wa ya toshe, ta ce yau zai bar wurin.

Baba ya san in ya faɗa, ya ceci mai shara ne ya tura maigadi. Ya ce, "Ni na kafa bututun nan, na bar bakinsa ba ragar waya. Duk mai hankali ya gani sai ya rufe. Ki rubuta sunana."

Ta kuwa rubuta. Takardar ta shiga ofis, kuma sau uku ana neman heluma ana tsallake shi saboda ita. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, har mai ɗakinsa Salimatu, wadda ta sha yi masa gorin cewa waɗanda ya koya wa riƙon guduma su ke ba shi umarni.

Kai ne, Baba, mai gyaran inda ido ba ya son kallo. Kai ne ka ɗauki laifin da ba naka ba ka yi shiru shekara tara, gidaje biyu suka ci gaba da ɗora tukunya. Wallahi da na ji labarin nan kunya ta kama ni, don ina cikin masu gaishe ka daga nesa.

Ranar Juma'ar da ta wuce Ɗankande ya miƙe a ƙofar masallaci, yana dogara sanda, ya faɗi komai a gaban jama'a, Azeta na gefe tana gyaɗa kai. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Ɗankande, ai ragar ma da gaske ban sa ba."

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu da lafiya. Ku kuma masu sana'a, in kun gano gaskiya, ku duba wanda za ta faɗo wa a kai kafin ku sake ta. Duk wanda ya haɗu da Baba Masahudu a hanya, ya tsaya ya ba shi hannu biyu.