Da Sauƙi Nake Ce wa Likita

A lokacin da abin nan ya same ni, ni mai ɗinkin hannu ne a Limancin Kona, cikin birnin Zariya, na ba sittin baya kaɗan. Tun ina yaro a zauren gidanmu nake wuni, na tanƙwashe ƙafa a kan tabarma ina yi wa manyan riguna aiki, kamar yadda na taso na tarar da mahaifina yana yi har Allah ya karɓi ransa. Ni mutum ne mai taurin kai, ba na son a ga gazawata. Ko zazzaɓi nake yi sai na lallaɓa na fito zaure, don kada a ce wane ya kwanta. Ban rubuto wannan don a tausaya min ba, na rubuto ne don na san ire-irena suna da yawa.

Kwatangwalona na dama ya daɗe yana damuna, tun wata faɗuwa da na yi a kan babur da ƙuruciya. Da girma ya zo sai ƙashin ya cinye, har zuwa masallacin unguwa ya zame min aiki. 'Ya'yana suka matsa, aka kai ni asibiti, aka yi min tiyata aka sa min na ƙarfe. Da za a sallame ni likita ya kafa min dokoki. Ya ce kada na zauna a ƙasa, kada na harɗe ƙafa, kada na kuskura na tsuguna, sallah ma a kan kujera. Kwanciya kuma rigingine, da matashi a tsakanin cinyoyina. Ya ce idan na karya doka kafin naman ya kama, ƙarfen zai iya gocewa, kuma ba kowa ne ke sake takawa daidai bayan haka ba. Na ce masa to, a raina kuwa ina cewa wannan yaro ya hana ni duk abin da na iya a duniya.

Barci ne ya fara gudu na. Tun da na yi wayo a gefen dama nake kwana, haka aka koya mana, ga shi gefen ne aka yanka. Sai na kwanta rigingine kamar wanda ake jira a yi wa sutura, ina kallon rufin ɗaki, zogi yana tasowa daga ƙugu yana gangarawa har tafin ƙafa. Da zarar ido ya fara rufuwa jiki sai ya nemi juyawa inda ya saba, raɗaɗi ya farkar da ni. Haka nake har a kira assalatu. Da rana kuma ga 'yan dubiya, wasu na fita wasu na shigowa, daga Kwarbai, daga Ƙofar Galadima, har da abokan ciniki na ƙauye. Kowa ya tambayi jiki sai na gyara murya na ce da sauƙi, alhamdulillahi. Ai haka ake cewa, babu dattijon da zai zauna yana lissafa wa baƙi ciwonsa.

Inda na yi wauta shi ne da na kai wannan amsa har gaban likita. Ranar da aka mayar da ni a duba ɗinki ya tambaye ni zogi, na ce da sauƙi. Ya tambaye ni barci, na ce sai godiya. Mai ɗakina tana tsaye a gefe ta buɗe baki za ta yi magana, na harare ta, ta yi shiru. Shi kuwa bawan Allah ya ji daɗi, ya yaba min, ya rage min maganin ciwo tunda na ce na samu sauƙi. Na dawo gida da rabin abin da a da ma bai ishe ni ba.

Ana haka wani tsohon abokina ya zo dubiya. Da ɗaki ya watse ya matso ya ce shi fa ya ga idona, ba na barci. Ya zaro wasu 'yan ƙwayoyi a ƙulle a takarda, ya ce a kemis yake saya, guda ɗaya in ya sha ko ganga ake kaɗawa a kansa ba ya ji. Na karɓa na tura ƙarƙashin matashi, ban gaya wa kowa ba. Na haɗa da na asibiti na sha.

Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi min daɗi. Ba barci ba ne sosai, wani irin lilo ne tsakanin barci da farke. Sai na ji gadon ya yi sauƙi, bangon ɗaki ya ja da baya, na gan ni ina tafiya a lungunan birni da ƙafafuna biyu, babu sanda, babu zogi. Gidajen duk na ƙasa ne kamar da, ƙamshin sabon yaɓe bayan ruwan sama, ana jiyo karatun dare daga zaurukan malamai alhali rana tsaka ce. Ina bi ta gindin ganuwa, ciyawa shar, rigunan da na ɗinka tun ina saurayi a shanye a kan igiya iska tana kaɗa su, kowace na gane ta da aikinta. Kullum kuma tafiyar a zaurenmu take ƙarewa. Can zan hango mahaifina a kan buzunsa, ya sunkuya da allura, zare a bakinsa. Ba ya ɗagowa, ni ma ba na ƙarasawa, sai na farka. Wallahi na yi kewarsa fiye da yadda na sani. Na fara ƙara ƙwayar ba don zogi ba, don na kai gare shi. Daga ta dare na koma har da ta rana. Mai ɗakina ta ce ina magana ni kaɗai, ina murmushi da bango, na ce mata gajiya ce.

Wata rana bayan la'asar, gida ya yi tsit, tana can madafa tana ɗora sanwa, na sha biyu na kishingiɗa. Wannan karon ban je ko'ina ba, shi ne ya zo. Na ji sallamarsa, labule ya ɗaga, ga shi tsaye a bakin ƙofa da farar rigarsa da ƙamshin turaren da na san shi da shi, yana kallona. Ban taɓa gaida mahaifina a kwance ba, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Jikina bai yi shawara da ni ba. Na sauko daga gado na tsuguna har ƙasa, kamar yadda na yi kowace safiya ta rayuwata da shi. Sai na ji ƙas a ƙuguna, wani zafi ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa. Da idona ya washe babu kowa a bakin ƙofa sai labule yana motsi, ni kuma ina ƙasa, ƙafata ta juya ciki ta gajarce, mai ɗakina tana salati a kaina da muciya a hannu.

A asibiti aka sa ni barci aka mayar da ƙarfen mazauninsa. Mai ɗakina ce ta gano ragowar ƙwayar a ƙarƙashin matashi, ta kawo ta ajiye a gaban likita, ta faɗi duk abin da na hana ta faɗa a baya, wannan karon ko kallona ba ta yi ba. Likitan bai yi min faɗa ba, da ya yi ma da ya fi min sauƙi. Cewa ya yi haɗa magungunan nan biyu yana iya tsayar da numfashin mutum yana barci. Ya ce da na gaya masa gaskiya tun farko, da ya gyara min magani ya nuna min yadda zan kwanta a gefen hagu da matashi, abin da bai fi maganar 'yan mintoci ba. Kunya ta rufe ni, na yi kuka a gaban yaron da na haifi kamarsa.

A hankali aka janye ni daga ƙwayar. Na sha wuya, amma barci ya dawo, irin na mutane, gajere mai daɗi. Yanzu ina takawa da sanda, da ɗingishin da likita ya ce da shi zan zauna. Ɗinki a kan kujera nake yi, tabarmar na bar wa baƙi. Mahaifina kuwa tun daga ranar bai sake zuwa ba, kuma na yarda ba shi ne ya zo ba, ƙwaya ce ta san inda zuciyata take da rauni.

Don haka ina roƙon duk wanda aka yi wa irin aikina, da masu jinyarsa, ku ji ni. Da sauƙi amsar 'yan dubiya ce, ku ba su abarsu su tafi da farin ciki. Likita ba dubiya ya zo ba, ku gaya masa ciwo yadda yake, ku gaya masa ba kwa barci. Kada ku sha abin da wani ya zaro daga aljihu komai ƙaunar da yake muku, kuma kada ku harari wadda take kwana tana jin nishinku. Ranar Juma'a nakan je maƙabarta na yi wa mahaifina addu'a. A tsaye nake gaishe shi yanzu, na dogara da sanda, kuma haka zan ci gaba har na same shi.