Yayanmu na Roni a Takardar Likita

Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare a Kazaure, saboda haka duk takardar da ta shafi dangi ni ake miƙa wa biro. Ba yabon kai ba, a gidanmu babu wanda ya kai ni sanin wa ya haifi wa. Da wannan taƙamar nake zaune har ciwon zuciya ya shigo mana.

Ƙanena ne ya fara faɗuwa a gona yana ɗaure damin gero, ko shurawa bai yi ba. Bayan shekara biyu babban wanmu ya soma haki. Wata likita a Kano ta ce naman zuciyarsa ya yi kauri, irin ciwon da ake gada. Aka ɗebi jininsa aka aika gwaji, muka yi ta jira, sannan aka ce an ga wani ɗan canji a ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadonsa. Na ce to, an kama ɓarawo. Likita ta ce in dakata. Kowane mutum yana ɗauke da irin waɗannan canje-canje, yawancinsu ba sa cutar da kowa, wannan kuma ba a san halinsa ba. Sai an bi dangi ɗaya bayan ɗaya. In duk mai ciwon yana da canjin, zargi ya yi ƙarfi. In aka samu mai ciwon a jininmu da ba shi da shi, zargi ya yi rauni.

Abin da ya tsaya min a rai ɗana na uku ne. Tun yana ƙarami ba shi da zance sai soja, kullum da safe yana gudu a gindin duwatsu, ga lokacin tantancewa ya matso. An gwada shi, yana da canjin. Hoton zuciyarsa kuma ya nuna kauri kaɗan, wanda likita ta ce masu yawan gudu ma sukan samu. In canjin ba ruwansa, ya tafi sojansa. In shi ne, horon soja zai iya kayar da shi yadda kawunsa ya faɗi.

Na juya bayan tsohuwar kalanda na jera zuri'ar kakanmu kaf. Na hau babur zuwa Gwiwa, na shiga mota zuwa Roni, wanda ya yi gardama na zazzage shi tas, har sai da na kai mutum tara asibiti. 'Yar gwaggonmu ta Gwiwa tana da ciwon, tana da canjin. Masu lafiya yawancinsu babu. Sai ga Yaya na Roni, babban ɗan Baffa, zuciya da kauri, canji kuwa babu. Likita ta ce yana da hawan jini, wanda shi ma kan kaurara zuciya, amma duk da haka wannan ya rage mata zargi, tana ganin za ta bar yaron ya gwada sa'arsa. Ranar har guɗa na yi a tsakar gida, da girmana.

Na je Babura in yi wa Gwaggo albishir, ita ce tsohuwar da ta rage mana. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, na baje mata bayani dalla-dalla kamar ina gaban allo. Ta bari na gama, ta dube ni.

"Ke da bokonki, wa ya ce miki na Roni jininmu ne?"

Ashe ɗan ƙanwar matar Baffa ne. Daga Yankwashi aka kawo shi yaye, uwarsa ta rasu, ya zauna. Matar Baffa kuwa bare ce, ba mu haɗa komai da danginta ba. Baffa ya rantse duk wanda ya kira yaron ɗan riƙo sun raba gari, shi ke nan bakin kowa ya mutu. Da sunan Baffa ya yi makaranta, shi ya yi waliccin 'yan matan gidan, yau ga shi da jikoki. Wallahi haushi ya kama ni. Na ji haushin Gwaggo da ta yi magana, na fi jin haushin kaina da na sa shi a layin da ba nasa ba.

Kwana huɗu na yi shiru. Gwaggo ba ta zuwa Kano, likita ba ta zuwa Babura, babu wanda zai tona. Amma ni na rubuta takardar nan da hannuna, kuma a kanta za a yanke wa ɗana hukunci. Rana ta biyar na shirya na tafi, na ce wa likita na yi kuskure, ta cire Yaya na Roni daga lissafin jini, amma kada maganar ta fita daga ɗakin nan, don har gobe yayana ne. Ta sake duba jerin. Da aka cire shi, duk mai ciwon a jininmu yana da canjin. Ta ce ba za ta rantse ba, amma zargi ya dawo da ƙarfinsa, kuma da kaurin da ta gani ba za ta sa hannu ɗana ya je horo ba. Za a riƙa duba shi duk shekara.

Ni na gaya wa ɗana da bakina, ban bar wa likita ba.

"Umma, da kin yi shiru, ai da babu wanda zai sani."

"Ni na sani," na ce masa.

Abokansa biyu sun samu shiga. Shi yana koyon gyaran sola a cikin gari, kuma har yau bai huce ba. Hira ta ƙare tsakaninmu, abinci ma sai na aika masa shago. Abin yana min ciwo, ba zan ɓoye ba, amma ko yau aka maimaita, motar Kano zan hau. Kowace safiya yakan zo ƙofar ɗakina ya durƙusa ya ce ina kwana, ba ya ɗago kai. Nakan ja gaisuwar da gangan, in tambayi gajiya, in tambayi aiki, don in daɗe ina jin muryarsa.