Kabarin da Firmino ya haƙa a bakin kogi

Ina shekara bakwai na fara jin sunan Firmino, ranar da ruwan farko ya sauka a ƙauyenmu kusa da garin Quixadá bayan dogon fari. Kowa ya fito waje, mata na tarar ruwa da tukwane. Kakata Zefinha ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Da Firmino na nan, da tuni ya kulle kansa a ɗaki." Yayanta ne. Sai bayan shekara biyar ya dawo gida daga Amazon, tsoho tukuf, ya zauna tare da mu.

A 1943 ya tafi, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Japan ta ƙwace gonakin roba na Asiya, Amurka na neman roba ido rufe don motocin yaƙi. Gwamnati ta bai wa samarin ƙasarmu zaɓi: ko filin daga, ko dajin Amazon su tsaga itace su tari ƙaron roba. Sojojin roba aka kira su. Firmino ne ya lallashi ƙanensa Anacleto.

"Ka zo mu je inda ruwa yake, malalaci. Can babu harsashi."

"Kai da ko rijiya tsoronta kake ji?" in ji Anacleto. Amma ya bi shi.

Kowannensu aka ba shi malfa, da kofin ƙarfe, da ragayar kwanciya, irin wadda ake ɗaurawa tsakanin itace biyu. Wata uku suna hanya. Ba su cika shekara a daji ba zazzaɓi ya kama Anacleto, kwana tara ya yi ya rasu.

Firmino ya naɗe shi a ragayarsa kamar yadda ake yi wa talaka a gida. Ya duba tudu, ya ga saiwoyi da duhu da tururuwa. Ya duba bakin kogi, ya ga farin yashi shimfiɗe a rana, sak irin na rafinmu da ke bushewa duk shekara. Nan ya fara haƙa.

Wani tsohon mai tsagar roba, Quirino, ya iso a kwalekwale ya tsaya yana kallonsa.

"Ɗan ƙasar fari, ƙanen naka kifi ne? Kai shi sama. Nan cikin kogi kake tsaye."

Firmino ya auna da ido: taku ɗari tsakaninsa da ruwa. Ya ɗauka tsokanar da aka saba yi wa sababbin zuwa ce, don ko jiya tsofaffin ma'aikata sun yi masa dariya kan yadda yake riƙe wuƙa.

"Baba, ka bar ni in rufe nawa a wuri mai haske."

Ya rufe shi, ya kafa gicciye, ya sassaƙa sunan da wuƙar tsaga.

Da damina ta kankama, kogi ya tashi har ya shanye rassan itatuwa. Firmino ya yi ta zagaya wurin a kwalekwale yana soka gora cikin ruwa, ba ta taɓa ƙasa. Bayan ruwa ya janye babu gicciye, babu yashin ma. Gaɓar ta koma wani wuri.

Yaƙi ya ƙare ba wanda ya zo ya gaya wa sojojin roba. Waɗanda suka je filin daga a Italiya aka tarbe su da ganguna. Shi kuwa ya rubuto wa uwarsu cewa Anacleto na kwance a wuri mai kyau, kuma bai iya dawowa ya kalli idonta ba har ta rasu.

A gidanmu, da hadari ya haɗu sai ya shiga ɗaki ya rufe taga. Ya ce idan ruwa na dukan rufi yana jin Anacleto na neman bargo.

Wata rana da hantsi ina karanta masa takardar asibiti, ya dafa hannuna.

"Dalva, ke ce mai alƙalami a gidan nan. Idan na mutu ku kai ni kan tudu, ko da masu haƙa za su yi ƙorafin dutse. Ki rubuta suna biyu a gicciyen, nawa da na Anacleto. Nasa ki sa a sama."